Malam Ɗantani Ya Fita Shi Kaɗai

Washegarin Babbar Sallah, tun da sassafe Yelwa take tsakar gida tana suyar nama. Sai da rana ta ɗaga sannan ta tuna ba ta kai wa mijinta, Malam Ɗantani, kununsa ba. Ta zuba a kofi ta nufi ɗakinsa da sallama, ba a amsa ba. Tabarmarsa na shimfiɗe, wayarsa na kai, maganin hawan jininsa na safe yana cikin leda ba a taɓa ba. Shi da sandarsa ne babu.

Ta leƙa bayan gida, ta leƙa zaure, ta dawo ta tsaya da kofin a hannu.

Bara ne ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya daɗe a kwance, har ya daina son a shigo gaishe shi. Esta ce ta fito da shi, wata ma'aikaciyar jinya a asibitin jami'a. Ita da Malam Gwadabe, tsohon malamin firamare, suka haɗa masu tattakin safe a unguwar, ba wanda yake biyan su. Bayan sallar asuba ake fita, maza a gaba mata a baya, a je bakin gada a juyo. Esta ta yi ta zuwa gidan tana lallashi har ya yarda. Da farko ƙofar gida kawai yake kaiwa. Yanzu yana cin rabin hanya, amma kullum da mutum a hagunsa. Kuma an ɗaga tattakin sai bayan Sallah.

Yelwa ta sauke suyar, ta zura hijabi, ta kira Malam Gwadabe tana tafe.

“Malam, ina kwana, an yi Sallah lafiya? Don Allah maigidan yana wurinka?”

“Lafiya lau, Hajiya. Ai rabona da shi tun filin idi. Me ya faru?”

“Ya fita. Bai sha magani ba, ko waya bai ɗauka ba.”

Ya ce, “Ki bi hanyar da muka saba. Ni zan zaga ta masallaci a babur.”

A bakin layi ta tarar da Isyaku mai shayi yana wanke kofuna. Ya ce ya gan shi ya wuce ɗazu, yana jan ƙafa, da langa a rataye a hannunsa. Ya yi tsammanin wani na biye da shi.

“Ina ya nufa?”

“Babban titi.”

Abin da take tsoro ke nan. Titin Wudil ko ba Sallah ba ya yin shiru, balle yau da motocin masu yawon gaisuwa suka haɗu da tireloli. Ta ƙara sauri. Kafin ta shiga tattakin, ko kasuwa ta je sai ta zauna ta huta saboda haki da ciwon gwiwa. Yau ta tsallake kwata, ta ratsa tsakanin masu a-daidaita-sahu, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Abin da take gani a ranta kawai shi ne ƙafarsa ta hagu, yadda take maƙalewa idan ya gaji.

Gab da gada ta hango mutane sun taru a gefen titi. Ta riƙa maimaita innalillahi tana kutsawa cikinsu, har ta kai gaba. Buhunan masara ne suka zube daga wata mota ana kwashewa. Ta dafa ƙarfen gefen hanya.

Nan Malam Gwadabe ya same ta. Bai gan shi a masallaci ba, bai gan shi wurin wanzami ba. Duk su biyun suka kalli gangaren da ke sauka kogi.

“Mai shayi ya ce da langa a hannunsa,” in ji Yelwa. “Wa zai kai wa nama da kansa?”

Malam Gwadabe ya tayar da babur. “Gidan Esta na bayan tasha. Ki hau a-daidaita ki biyo ni.”

Ba su kai gidan ba. A bakin layin, ƙarƙashin wata darbejiya, Malam Ɗantani na zaune a kan bulo, rigarsa ta jiƙe da gumi, sandarsa a ƙasa. Esta na tsugune a gabansa da zanin gida, ta ɗaura masa abin awon jini a dantse. Maƙwabta ne suka gan shi ya kasa tashi suka kira ta.

Yelwa ta sauko, ta rasa ta inda za ta fara. Ta duba bakinsa ko ya karkace, ta kama hannunsa na hagu.

“Matse hannuna, Malam.”

Ya matse, ba ƙarfi sosai, amma kamar yadda ya saba.

“Mama, ki kwantar da hankalinki,” in ji Esta. “Jinin ya hau, amma ba irin na wancan karon ba ne. Gajiya ce da rashin magani.” Ta juya wurinsa. “Baba, abin da na koya maka ke nan? Ka tsallake wannan titin kai kaɗai?”

Ya tura langar gabanta da hannun dama. Maganarsa na fita a hankali.

“Naman Sallarki ne, ’yata. Kowa aike zai yi miki. Ni na ce wadda ta tashe ni daga tabarma, da ƙafata zan je in ce mata na gode. Kai ma Gwadabe naka yana gida, gobe nake shirin kawo maka.”

“Ka bar shi, ni zan zo in ɗauka,” in ji Malam Gwadabe.

Esta ta karɓi langar da hannu biyu, ta ɗan rusuna. Ta ce, “Na gode, Baba. Allah ya maimaita mana. Amma ka yi mini alkawari ba za ka sake ba.”

Ya yi alkawarin, yana kallon ƙasa.

Suka kama shi suka sa a a-daidaita. Esta ta ce yana isa ya sha maganin, za ta biyo da yamma ta sake aunawa, in bai sauka ba asibiti za su. Yelwa ta zauna a hagunsa ta riƙe hannun rigarsa. Duk ramin da suka faɗa sai ta dubi fuskarsa.

Da suka kusa gida ya ce, “Fushi kike yi?”

“Ba yanzu ba,” ta ce. “Sai jinin ya sauka tukuna.”

Da la'asar Esta ta zo ta auna, ta ce ya fara sauka. Duk da haka Yelwa ba ta koma kan suyar ba ranar. Maƙwabciyarta ce ta shigo ta ƙarasa mata, ita kuwa ta ja kujera ta zauna a ƙofar ɗakinsa.