Litar Gazuwal a Gangaren Barmu

Kwana huɗu na yi a kan birkin tsohuwar kamiyon Magaji, motar da ta girmi 'ya'yansa duka. Na kwance sarbo, tukunyar nan da ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfi idan ya taka birki, na tarar robarta ta farfashe. Na zagaye garin Tawa kaf kafin in samu wata, na ɗaura, na gwada da kaina. Da yatsan ƙafa ma motar tana tsayawa.

Ranar kasuwar Barmu sai ga shi ya faɗo garejina, goshin mota a lotse, yana ihu gaban mutane.

"Illa, ka cuce ni! Na taka birki a gangare, ya yi tauri kamar dutse. Iccen gawo ne ya tare mu!"

Raina ya ɓaci, amma na tada inji, na taka. Birki lafiya lau.

Na ce, "Magaji, tsakaninka da Allah, injin yana aiki a gangaren?"

Ya sosa ƙeya. "Na kashe. Kowa haka yake yi, don tsimin man gazuwal."

"Sau nawa na gaya maka tukunyar nan daga inji take samun ƙarfi? Ka kashe shi, sannan ka zo kana ci mini mutunci! Mutum nawa ka ɗauko a baya?"

"Mata tara, da buhunan gero."

Na jefa masa makullinsa a ƙirji.

"To je ka gaya wa mazajensu ka tsira da lita guda."