Ɗakin Inna Safara'u

A shekarar 1995 mutum ɗaya ne a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ya san inda ake kunna kwamfuta, Injiniya Dikko Ladan. Wani malaminsa na jami'a ya ba shi faifai mai ɗauke da manhajar lissafin zafi da sanyin gini. Sai ka faɗa mata kaurin bango da faɗin taga, ta yi shiru kamar alƙali, sannan ta gaya maka sau nawa iskar waje ke saɗaɗawa ta cika ɗakin a cikin awa guda. Wannan iskar manhajar ke kira asara. Dikko, wanda aka haifa a bukkar ciyawa a gefen dajin Falgore, ya taɓa shigar mata da awon bukkar. Ta ce ya sake dubawa, wannan ba gini ba ne.

Mahaifiyarsa, Inna Safara'u, ta tsufa, gwiwoyinta sun daina bin shanu. Shekara uku yana aikawa a roƙe ta ta dawo gidansa a Yako. Da ƙyar ta ce za ta gwada zuwa faɗuwar damina. In wurin bai karɓe ta ba, ƙanenta Mudi zai zo ya mai da ita ruga.

Dikko ya rantse wurin zai karɓe ta. Ya tsara mata ɗakin da zafin bazara ba zai sami ƙofar shiga ba: bangon ƙasa mai kauri, rufin azara, tagar gilashi da ba ta buɗuwa, da roba a ƙasan ƙofa. Sabo magini ya so ya bar 'yar kafa can sama kusa da rufi.

"Injiniya, ubana bai taɓa rufe ɗaki bai bar wa iska hanya ba."

"Ubanka yana da kwamfuta ne, Sabo?"

"A'a, ranka ya daɗe. Hanci gare shi."

Aka toshe kafar. A kan allon kwamfuta asarar ta sauko daga goma sha biyu zuwa rabin ɗaya kacal. Kuma manhajar ba ta yi ƙarya ba: tsakar rana, ɗakin sanyi kamar cikin randa.

Sai dai Dikko ɗan fari ne. Tun da Inna ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma taɓa yi masa doguwar magana ba. Kullum da safe ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Inna, yaya ɗakin?" sai ta kalli bango ta ce, "Alhamdu lillahi." Shi kuwa ya karɓi wannan a matsayin rahoto. Shekara shida ya yi a jami'a, ba a koya masa cewa Bafulatana ba ta kai wa ɗan farinta ƙara ba, a gida kuma ya manta.

Matarsa Luba ce ta tare shi wata Alhamis ya dawo cin abincin rana.

"Injiniya, ka lura Inna a gindin mangwaro take wuni, cikin zafin nan? Ta ɗaure ƙorenta. Kawu Mudi na zuwa ran Lahadi."

"Babu ɗakin da ya kai nata sanyi a Yako. Na auna."

"Ka auna, sannu da ƙoƙari. Ita kuwa cewa ta yi in ta shiga ba ta sanin me duniya ke ciki."

Ya shiga ɗakin, ya rufe ƙofa, ya kishingiɗa a tabarma don ya gano inda lissafi ya kuskure. Sanyi ya lulluɓe shi. Babu motsi, babu ƙanshin komai. Idonsa ya yi nauyi. Sai ga shi yaro a bukka, asara na shigowa ta kowane saƙo na ciyawa, a hankali, kamar baƙi masu ladabi. Wata ta zo da ƙanshin kashin shanu, wato garke ya kusa gida. Wata da hayaƙin makwabta, wato an ɗora tuwo. Wata ta taso daga gabas da danshi a jikinta, Inna ta ɗaga hanci tana kaɗa nono, ta ce da bango, ba da shi ba, a shigo da 'yan maruƙa. Lambobin kwamfuta suka bi ta sama, korra-korra, suna kiwo kamar balbelu, babu wanda ya ƙirga su.

Ya farka bai san ko la'asar ta yi ba. Sai da ya buɗe ƙofa ya ga har an idar.

Ya kifa turmi a jikin bangon gabas, ya hau da guduma da guntun ƙarfe, ya nemo inda Sabo ya toshe. Ƙasa ta zubo masa a kan farar riga. Ya huda kafa kamar faɗin tafin hannu, ya sauko ya ɓalle robar ƙofa. Inna na gindin mangwaro tana kallon kaji, kamar ba ta ji komai ba.

Ran Asabar da hantsi ta shiga ɗauko sauran kayanta. Ta daɗe. Dikko na tsakar gida yana goge babur ɗin da ya riga ya goge. Can sai muryarta ta fito ta kafar.

"Luba, kwashe shanyarki. Ruwa na tafe."

Luba ta ɗaga kai. Sama tas, ko gizagizai babu. Ta dubi mijinta, ta kwashe.

Bayan azahar gabas ta haɗe. Ruwan farko ya sauko, ƙanshin ƙasa ya cika gidan. Dikko ya leƙa ɗakin, ya ga Inna ta kwance igiya tana jera ƙorenta a jikin bango, manya a ƙasa, ƙanana a sama.

"Luba," in ji ta, ba ta juyo ba, "a gaya wa mai gidan nan, Mudi in zai zo ya taho mini da maburgina na kaɗa nono."

Ran Litinin Dikko ya shigar wa manhajar da kafar. Ta yi shirunta na alƙali, sannan ta sanar da shi cewa ginin ya lalace.