Mai a Goshin Kawu Ulysse

"Ku ce masa ya juya da motarsa! Ban mutu ba tukuna!"

Muryar Kawu Ulysse ce ta fito ta ƙofar raga, har karen maƙwabta ya amsa. Fada Tran, limamin cocinsu, yana tsaye a baranda riƙe da 'yar baƙar jakarsa, ya rasa ko ya shiga ko ya koma. Odile Guidry, wadda ita ce ta kira shi, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Odile maƙwabciya ce, shinge kawai ya raba su, kuma tun tana ƙarama take kiran tsohon Kawu, matarsa Inna Lali. Da ta yi ritaya daga koyarwa sai ta shiga ajin Asabar na coci a garin Lafayette, tana karatun sakramenti, wato tsarkakan ibadun coci, don ta riƙa kai wa marasa lafiya Jibi Mai Tsarki, gurasar da fada ya tsarkake. Sabon ilimi kuwa, ka san shi da ƙaiƙayi a baki.

"Kawu, ai yanzu ba haka abin yake ba," ta ce ta jikin ragar. "An koya mana a aji. Shafa mai na marasa lafiya ne, ba sai mutum ya kai gargara ba."

"Aji! Ke 'yar nan, na san ki tun kina yawo da majina. Babana, fada ya zo da mai da yamma, washegari muna haƙa kabari. Yayana Alcide ma haka. Ke da ajinki!"

Fada Tran ya yi murmushi. "Ba a shafa wa mutum dole, Kawu. In ka neme ni, ka san inda nake."

"In na neme ka, to kamun kifi za mu."

Odile ta zagaya kicin ta tarar da Inna Lali tana juya gari a mai, na gumbo, miyarsu ta kuɓewa, hawaye na bin kuncinta.

"Likita ya ce zuciyar ta gaji," in ji tsohuwar. "Ni ba tafiyarsa nake tsoro ba, Odile, kowa zai tafi. Tun muna sabon aure benci ɗaya muke zama a coci. Yanzu a ce ya tafi da busasshen goshi, ga fada a bakin ƙofa? Wannan ne ke hana ni barci."

Abin ya tsaya wa Odile a rai. Sai ana cikin mako, tana shanya, ta tuna abin da malaminsu ya faɗa: ana iya shafa wa mutane da yawa a zama ɗaya, har tsofaffin da ƙarfi ya ƙare musu. To layinsu kuma me ya tara in ba tsofaffi ba? Nan take ta kira Fada ta faɗa masa dabararta, ta bi gida gida tana gayyata.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, barandar Kawu Ulysse ta cika. Ga Clovis Hebert, abokin kamun kifinsa kuma abokin faɗansa, wanda za a yi wa aikin zuciya. Ga Goggo Azema da ta haura casa'in, an turo ta a keke. Kowa ya zo da ciwonsa yana tallansa, mai suga na raina mai hawan jini, mai ƙoda na cewa duk yara ne su. Odile ma ta ɗan ɗingisa ta ce gwiwarta.

"Ke kam lafiyarki ƙalau, Malama Odile," in ji Fada. "Zo ki riƙe mini kwalbar."

Kawu Ulysse na zaune a kujerarsa mai lilo bayan ƙofar raga, robar iska a hanci, hularsa ta kaba a ka.

"Taron me ake yi a gidana?"

"Ba naka ba ne," in ji Clovis. "Kai ɗan kallo ne, yi shiru."

Fada ya yi addu'a, ya ɗora wa Clovis hannu a ka, ya dangwali man zaitun ya zana gicciye a goshinsa da tafukansa. Da kowa ya ce amin, sai Clovis ya dafe ƙirji ya yi baya.

"Wayyo, na tafi! Ulysse, na bar maka kwalekwalena mai yoyo!"

Baranda ta kece da dariya, har Goggo Azema sai da ta riƙe haƙoran robarta. Kawu Ulysse kam ko murmushi.

"Yi ta wasa. Gobe war haka muna cin shinkafar makokinka."

Sai Inna Lali ta cire ƙyallen girkinta, ta ninke, ta zo ta zauna a kujerar da ke gaban Fada. Ita ma suga ya daɗe yana cin ta. Kujerar lilo ta tsaya cak.

"Lali! Tashi daga nan! Lali, ina miki magana!"

"Na ji ka, Ulysse," ta ce, ba ta ko waiga ba. Ta buɗe tafukanta.

Odile na riƙe da kwalba, tana cewa a ranta ta ɓata komai, tsohon nan ba zai yafe mata ba. Fada ya gama, goshin Inna Lali na sheƙi.

Sai aka ji ƙarar ƙofar raga. Mutumin da ya daɗe ba ya miƙewa sai an kama shi, ga shi tsaye da ƙafarsa, yana jan robar iska a baya, yana haki.

"Fada, ka gama da ita?"

"Na gama, Kawu."

"To matar nan ko kasuwa ta je ita kaɗai sai ta ɓata. Ba za ta yi wannan tafiyar ba tare da ni ba. Kawo man." Ya cire hularsa.

Nan Odile ta gane. Ko kalma ɗaya ta ajinta bai yarda da ita ba. Har yanzu a ganinsa man nan sallama ce, kuma da saninsa ya cire hula. Ta rasa dariya za ta yi ko kuka, sai ta haɗa duka biyun.

"Ku matsa can tukuna," in ji shi. "Zan faɗa wa Fada zunubaina. Musamman kai Clovis, rabinsu da kai aka yi."

Suka koma gindin bishiya suna leƙe. Da aka kira su, Fada ya shafa masa man, ya ba shi Jibi, Inna Lali na riƙe da hannunsa. Ya mayar da hularsa a kan goshin da bai bushe ba, ya ce a zubo masa gumbo, a cika jatan lande. Ranar an ci an sha har yamma, tukunya sai da aka kankare.

Washegari da safe Odile na ba furanninta ruwa ta ji murya ta taga.

"Odile! Leƙa ki gani ko Clovis ya mutu."

"Ga shi can yana wanke mota, Kawu."

"Lali fa ga ta nan tana mini faɗa." Ya yi tsaki. "Man zamanin nan ba shi da ƙarfi."

Ya rayu har lokacin kamun jatan lande ya zagayo, kullum da tsokanar da zai yi wa Clovis. Odile ta gama karatunta, kuma gidan farko da ta kai wa Jibi nasa ne. Duk Lahadi sai ya tambaye ta me aka koya musu kuma, ta faɗa, ya ƙaryata.

Wata safiya ya sha kofinsa a kujerar lilo, Inna Lali na gefe tana yanka kuɓewa. Ya ce mata yau iska da daɗi. Da ta ɗago ta amsa, kujerar ta daina motsi.

Bayan jana'iza Odile ta zo taya kintsa ɗaki. Ta ɗauki hular kaba, ta ga wani baƙin tabo na maiƙo a cikinta, daidai inda take zama a goshi. Ta nufi wajen sabulu.

"Bar shi haka," in ji Inna Lali.

Ta karɓi hular, ta shafa tabon da babban yatsa, ta rataye ta a ƙusa kusa da ƙofar raga.