Tumfafiyar Filin Uba

Shekarar da kuɗin mai ya cika ƙasa, Manu ya dawo Jibiya daga Ikko da niyyar gina shago a filin marigayi ubansa, dab da shingen kwastan. Ya saɓa gatari ya nufi tumfafiyar da ke tsakiyar filin.

Ashe mahaifiyarsa ta riga shi. Ta shimfiɗa tabarma a gindinta, ƙudan zuma na ta shawagi a furannin.

"Inna, icen banza ne fa. Ko akuya ba ta kula shi."

"Akuya na ce maka ina kiwo? Da rani, in komai ya bushe, nan ƙudan amyar ubanka ke ci. Zumansu ka sha har ka iya ɗaga gatarin nan."

Ta miƙe ƙafa, ta gyara zama. "Bismilla, sara."