Aikin Ƙarshe na Mba Yidana

"Kar ka fizga. Juya shi tukuna, sannan ka ja."

Rauf ya share gumi da kafaɗarsa, ya sake cusa wayar ƙarfe mai maganaɗisu a ramin da ke gefen injin. Rabin jikinsa na cikin motar, cikinsa a kan ƙarfen da rana ta fara gasawa. Ya juya a hankali kamar yadda aka ce masa, sai ga wani guntun ƙarfe mai kaurin babban yatsa ya fito yana ɗigar baƙin mai. Ya sauko ya kai shi gaban idon Mba Yidana, wanda ke zaune a kujerar roba ƙarƙashin dogonyaro, ƙafafunsa a kumbure bisa wata tsohuwar taya.

Ƙasan ƙarfen ya lotsa kamar cikin cokali.

"Ka gani? Tafet ya cinye," in ji tsohon, yana tsayawa tsakanin kalmomi don ya ja numfashi. "Shi ya ɓata roka. Roka yana dukan bawul. Kai kuma kana jin kas-kas, kana ƙara rediyo."

Rauf ya yi dariya, amma dariyar ta maƙale, domin Mma Hawawu ta fito da kofin koko da ƙwayoyin magani a tafin hannunta. Ya gaishe ta da Dagbanci kamar yadda ya saba tun yana saurayi. Ba ta amsa ba. Ta tsaya har mijinta ya haɗiye maganin, ta karɓi kofin, ta koma ciki.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a unguwar Aboabo. Rauf ɗan zango ne, kakanninsa fatake ne da suka zo da goro suka zauna, shi kuma direba ne, da wannan tsohuwar pikop yake ɗebo doya da gyaɗa daga ƙauyuka zuwa kasuwa. Mba Yidana Badagombe ne daga Gumani. Ya guje wa fartanya tun yana matashi, ya tafi Kumasi ya koyi aikin fita, wato gyaran mota, ya dawo ya kafa rumfa a ƙofar gidansa. Tun ranar da Rauf ya sayi motar, hannun kowa bai shiga injinta ba sai nasa.

Da farkon damina likita ya ce zuciyar tsohon ta gaji, kada ya ƙara ɗaga ko da bokitin ruwa. Aka rufe rumfar. Tun daga nan Mba Yidana ya zama wani mutum dabam. Ba ya fita, ba ya hira, tuwon zafi ma sai dai ya taɓa ya ture. Idan Rauf ya shiga gaishe shi, sai ya same shi yana kallon bango.

To, a wannan lokacin ne motar ta fara ƙara. Rauf ya yi shawara da kansa cewa zai kai ta wani gareji a can bakin gari ba tare da kowa ya ji ba. Abin da ya manta shi ne, kowace safiya idan ya tayar da injin, akwai kunnen da ke sauraro a bayan katanga. Ranar da ya shirya tafiya, yana karyo kwanar lungu sai ya ga tsohon tsaye a tsakiyar hanya, ya dafa bango, da zane a kafaɗa.

"Motan da nake jin kukan shi daga kan gadona, shi za ka kai ma wani?"

Rauf ya koma da baya, ya ajiye ta a gindin dogonyaro.

Da yammar ranar Mma Hawawu ta shigo gidan su Rauf. Ba ta zauna a tabarmar da Faridatu, matar Rauf, ta shimfiɗa mata ba. Ta ce ita ce ke tashi da shi idan numfashi ya ƙi, ita ce ke jin yadda ƙirjinsa ke yi, ba maƙwabta ba. Ta ce ta san halin mijinta, idan ya ga inji a buɗe ba zai iya zama ba. Sannan ta dubi Rauf ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ka ɗauke motanka, Rauf. In ya faɗi a gindin shi, ba zan yafe maka ba."

Washegari Rauf ya tafi da niyyar ya ba tsohon haƙuri. Ya same shi ya yi wanka, ya sa tsohon kayan aikinsa da yanzu ya yi masa yawa kamar na aro, ya sa an jera sifanu a kan buhu, ƙanana zuwa manya. Kwanon koko na gefensa, babu ko ɗigo a ciki. Maganar da Rauf ya zo da ita ta koma. Abin da ya iya kawai shi ne ya kafa sharaɗi: Mba Yidana zai zauna a kujera, ba zai taɓa komai ba, baki nasa, hannu na Rauf. Tsohon ya ce ya yarda. Mma Hawawu kuwa tun daga ranar ta daina amsa gaisuwarsa.

Aikin da fita mai lafiya zai gama cikin yini ya ja su kwanaki da yawa. Da hantsi kawai suke yi, kafin rana ta yi zafi, wata ranar ma ba a yi sam, sai dai a rufe injin da buhu. Rauf ya kwance murfin sama, ya cire sandar da rokoki ke jere a kanta, ya zare sandunan turi ɗaya bayan ɗaya yana soka su a jikin kwali bisa tsarin da suka fito, domin tsohon ya ce kowanne ya saba da gurbinsa, idan aka sauya masa zai yi gardama. Tsohon ya sa aka ciro gilashin taga guda, Rauf ya riƙa mirgina sandunan a kai. Ɗaya ta yi ɗingishi, aka ware ta. Sababbin tafet da roka sun iso daga Kumasi a motar haya, aka jiƙa su cikin gwangwanin mai suka kwana.

Ana nan doya ta fito. 'Yan kasuwar da suka saba da Rauf suka yi ta kiran wayarsa, da suka gaji suka koma wa wasu direbobi. Faridatu ba ta ce komai ba sai sau ɗaya, tana tankaɗe, ta tambaye shi ko ya san abin da yake yi, ga gida babu shiga, ga matar mutane ta ɗauke masa kai. Ya ce bai sani ba. Gaskiya ya faɗa. Duk lokacin da tari ya sarƙe tsohon a kan kujera, sai Rauf ya tuna da idon Mma Hawawu. Amma kuma yana gani da idonsa, mutumin da ya yi wata da watanni yana kallon bango yanzu yana tsokanar masu wucewa, yana ba da labarin ubangidansa na Kumasi da ke gane ciwon mota daga nesa.

Ranar Litinin suka zo ƙarshe. Rauf ya zura sababbin tafet, ya mayar da sandunan turi, ya ɗora rokoki, ya ɗaure kusoshin daga tsakiya zuwa gefe kamar yadda aka umarce shi. Saura saiti, wato 'yar tazarar da ake bari tsakanin roka da kan bawul, wadda ake aunawa da wani siririn ƙarfe kamar reza. Nan aiki ya tsaya. Rauf ya matse, tsohon ya ce ya yi yawa. Ya sassauta, ya ce yanzu akuya ma za ta wuce. Mba Yidana ya yi ta kwatance, ya ce ƙarfen ya riƙa ja kaɗan kamar wuƙa cikin sabulu, amma yatsun Rauf na sitiyari ne, ba su gane ba.

Sai tsohon ya sauke ƙafafunsa daga kan taya.

"Mba, mun yi alkawari," in ji Rauf.

"Wannan ba a faɗin shi da baki."

Ya miƙe da kyar, ya dafa jikin motar. A daidai lokacin Mma Hawawu na bakin ƙofa da kwanon wanke-wanke. Rauf ya tsaya da sifana a hannu, bai san ko ya tare tsohon ko ya bar shi ba. Ta dubi mijinta tsawon lokaci. Sannan ta ajiye kwanon a ƙasa, ta goge hannu a zaninta, ta zo ta bayansa ta riƙe ƙugunsa da hannu biyu, ta tokare ƙafarta da tayar mota.

"To, yi ka gama," ta ce.

Haka aka yi saitin. Rauf na juya injin da hannu, tsohon ya sunkuya, ido rufe, yana zura ƙarfen yana matsewa, matarsa na riƙe da shi. Ba wanda ya yi magana sai shi, idan ya ce a juya. Da suka gama aka mayar da murfi, Rauf ya shiga ya murza makulli. Motar ta yi tari, ta kama, ta daidaita. Ƙarar nan ta tafi. Mba Yidana ya karkata kai ya saurara, har masu kekuna biyu suka tsaya kallo.

"Kashe," ya ce. "Kar ka ƙona mai a banza."

Rauf da Mma Hawawu suka kama shi zuwa ɗaki. Daga ranar bai sake fitowa ƙofar gida ba.

Ranar Alhamis Rauf na hanyar dawowa da lodin doya, bayan azahar, Faridatu ta kira shi, ta ce Mba Yidana ya rasu. Ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya daɗe zaune hannunsa a kan sitiyari. Bai kai doyar kasuwa ba. Da ita ya shigo lungu, ya tarar an fara jera benci, 'yan'uwan mamacin sun iso daga Gumani a kan babura.

Ya tsaya daga nesa cikin jama'a. Bai san da wace fuska zai shiga gidan ba. Yana nan tsaye limamin unguwa ya zo ya kama hannunsa, ya ce matar gidan na kiransa.

Tana zaune a ƙasa cikin ɗakinta, mata kewaye da ita, an saki labule. Ya durƙusa daga waje ya yi ta'aziyya.

"Ya ci abinci kwanakin nan, Rauf," ta ce daga bayan labule. "Ya yi barci kuma. Ka shiga cikin masu wanka."

Su uku ne a bayan gida, inda aka kewaye da tabarmi: liman, ƙanen mamacin, da Rauf mai zuba ruwa. Jikin ba shi da nauyi, kamar ba shi ne ke ɗaga kan inji shi kaɗai a da ba. Da aka zo hannun dama, ƙanen ya tsaya. Baƙin mai ya kwanta a ƙarƙashin farata da cikin tsagogin yatsu. Ya sa sabulu ya cuɗa, Rauf ya zuba ruwa, ya sake cuɗawa, baƙin bai motsa ba. Ya ɗaga kai ya dubi liman, ko a nemo tsinke.

"Bar masa," in ji liman a hankali.

Rauf ya ajiye butar. Ya ɗauki hannun ya miƙar da shi a gefen jiki, ya daidaita yatsun ɗaya bayan ɗaya, sannan suka jawo farin likkafani suka rufe.