Ranar da Likma Ram Ya Tashi da Kujera

Yaran yanzu in suka ji an ambaci majalisar dokoki ta farko ta jiharmu, wadda ta zauna 'yan shekaru bayan Bature ya naɗe tabarmarsa, sai su sunkuyar da kai kamar an kira sunan kakanninsu. To, ni Pokar na gan ta da idona. Ban taɓa riƙe alƙalami ba, amma duk masu alƙalamin wannan zauren sun zama toka, ni kuwa ga ni nan ina cin albasata. Fari ya zo ya same ni ya tafi, annoba ta leƙo ƙofata ta ce a yi haƙuri ɓatan hanya ta yi. Saboda haka in na faɗi magana, a rubuta kawai.

A tsohon gidan baƙi na maharaja, babban sarkinmu na da, aka zauna, don ba a gina zaure ba tukuna. Kujerun ma nasa ne, na baƙin katako, masu hannu da kan zaki, kowace sai ƙarti biyu sun haɗu kafin ta motsa. A dama ga lauyoyi cikin baƙar kwat, gumi na bin bayansu saboda kishin ƙasa. Ga 'yan kasuwar da suka taɓa kwana a kurkukun Bature sau ɗaya, suna ta cin ribar kwanan. A hagu kuma ga Takurai, masu ƙasa, waɗanda aka gaya wa cewa zamanin sarauta ya wuce, suka ce to madalla, suka murza gashin baki suka tsaya zaɓe, talakawansu kuma suka zaɓe su don ba wanda ya taɓa koya musu yadda ake ƙin Takur. Makonnin farko aiki aka sha ba kama hannun yaro. An yi muhawara a kan fanka, wane ɓangare iska ta fi so. An kafa kwamiti a kan biran da ke shiga ofishin akawu. Sannan aka yi wata muhawarar a kan harshen da za a rubuta rahoton birai.

Cikin waɗannan taurari akwai Likma Ram, ɗan baffana, manomin gero daga ƙauyenmu Ratanbas. Mun zaɓe shi ne don ya fi kowa tsawo, kuma in ya yi kira daga wannan tudun rairayi, raƙumin da ke wancan tudun sai ya waiwayo. Saƙo ɗaya muka ba shi: rijiya. Duk rijiyoyin yankinmu gishiri ne in ban da guda, mai ruwan daɗi, wadda kakanmu ya haƙa da hannunsa cikin aikin tilas. Ita da gonakin da ke kewaye da ita mallakar Takur Sabal Singh ne, mu mu noma, shi ya aiko a raba masussuka. Gwamnati ta kawo ƙudurin da zai bai wa mai noma gonar da yake nomawa. Likma bai da aikin da ya wuce ya tsaya inda jam'iyyarsa, wato ta gwamnati, ta tsaya.

Sai dai Likma yana da ciwo, kuma a ƙafa yake. Tun yana ƙarami ya ga an yi wa ubansa duka da takalmi a bainar jama'a, saboda Takur na lokacin ya wuce a kan doki shi yana zaune a kan gadon igiya. Daga ranar ƙafafun gidansu suka yi karatu, suka sauke. Takur ya miƙe, su miƙe, ba sa neman shawarar kai. Ga shi kuwa an ajiye kujerar Takur Sabal Singh daidai saitin tasa, a ɓangaren 'yan adawa.

Yadda ake ƙuri'a a wannan majalisa, Kakaki zai ce masu goyon baya su tashi, akawu ya ƙirga kawuna, su zauna, sannan ya ce masu ƙi su tashi. Ran da aka fara gwada shi, a kan maganar birai ce. Likma ya tashi da jam'iyyarsa, ya zauna, yana jin kansa cikakken ɗan majalisa. Aka kira masu ƙi. Takur ya miƙe. Kafin Likma ya ankara sai ya ga kansa a sama, hannu a haɗe, bakinsa har ya ce, "Hukum!" kamar yadda uban kowa ke gaida Takur. Akawu ya haɗa lissafi, ya ga majalisa ta haifi ɗa. Ya goge tabarau ya sake, ɗan yana nan.

Dariyar da aka yi har birai sun leƙo. Daga nan Takur ya sami abin debe kewa. Ana tsaka da jawabi sai ya miƙe don ya gyara rigarsa, Likma ya yi zumbur. Ya koma ya zauna, Likma ya zauna. Ya sake miƙewa don neman kaskon tofi, Likma ya yi zumbur. 'Yan jarida suka raɗa masa suna Mai Girma Inuwar Takur.

Ana haka Takur ya kawo gyara a kan ƙudurin gona. Ɗan ƙaramin gyara, in ji shi, kamar ƙwayar gero: a bai wa manoma ƙasa, ba laifi, amma duk gonar da ke shan ruwan rijiya ta zauna a hannun mai ita na asali. Wato mu a ba mu rairayi mu yi ta mulki a kansa. Ana gobe za a jefa ƙuri'a kuma wasu 'yan jam'iyyar gwamnati suka kamu da ciwon ciki lokaci ɗaya, bayan wata liyafa da ba wanda ya tuna a gidan wa aka yi ta.

Lauya Mangilal Bohra, bulaliyar jam'iyyar gwamnati, wato mai tabbatar da kowa ya bi layi ranar ƙuri'a, ya tare Likma a rumfar mai shayi. Gajere ne, sai ya ɗaga kai kamar mai duban wata.

"Likma-ji, na ƙirga, na sake ƙirgawa. In aka cire ka, kunnen doki muke. Ka tashi da Takur, rijiyarku ta tafi. Ka zauna duka biyun, Kakaki ne zai raba gardama, shi kuwa 'yarsa a gidan Takurai take aure. Abu biyu nake roƙo, ko akuya za ta iya. In ya tashi ka zauna. In na tashi ka tashi."

"Lauya, ni zuciyata tana tare da ku."

"Akawu ba ya ƙirga zuciya! Ɗuwawu yake dubawa, yana ƙasa ko yana sama."

"Ka rufe mini ido mana."

"Ina ce ran nan ka rufe? Ƙarar takalminsa kawai ka ji ka miƙe har kana ture tawada!"

Likma ya dawo masaukinmu ya zauna gaban gurasar gero da nono bai taɓa ba. Mutumin da ke cinye abincin mutum uku. Yana ganin fuskar matan Ratanbas da tuluna a ka, yana jin abin da za su ce in ya koma: mun aika raƙumi ya dawo jaki.

"Pokar ƙanena," ya ce, "ƙafafun nan ba nawa ba ne. Na Takur ne, aro aka ba ni."

"Yaya, raƙumin da ya ƙi jin magana me ake yi masa?"

Ya dube ni, ya dubi igiyar da ke rataye a ƙusa. Ya ce, "Kai ɗan banza ne tun kana ciki." Sannan ya jawo gurasar.

Da sassafe, kafin manya su gama shafa wa gashin baki mai, muka shiga zauren da sunan na kawo wa Likma butar ruwa. Na zagaya igiyar a ƙugunsa da cinyoyinsa, na bi da ita ta ƙarƙashin kujera, na ƙulla, na bar masa bakin zaren a hannun dama. In lokacin tashi ya yi, ya ja, ta warware. Ya lulluɓa bargo a kai, cikin zafin da ƙadangare ke neman inuwa. Ni na haye bene wurin 'yan kallo.

Kakaki ya shigo, kowa ya miƙe don girmamawa, Likma ya duƙa yana tari kamar zai amayar da huhu. Aka sha jawabai. Wani lauya ya yi kuka saboda talaka, ya share hawaye da hankicin siliki. Sannan Kakaki ya ce masu goyon bayan gyaran su tashi.

Takur Sabal Singh bai yi gaggawa ba. Ya dafa kan zakin kujerarsa, ya kafa wa Likma ido, ya miƙe a hankali kamar rana tana fitowa. Ƙafafun Likma suka amsa kira. Gwiwoyi suka zabura, igiya ta ce ba inda za ku. Suka sake zabura, kujera ta yi ƙara. Jijiyar wuyansa ta fito kamar igiyar guga, gumi ya jiƙa rawaninsa, bakinsa na rawa yana son ya ce Hukum, ya cije shi. Takur ya yi gyaran murya. Ya buga takalmi a ƙasa. Likma na zaune. Tun da aka haƙa rijiyar nan ba a taɓa ganin ɗan gidanmu a zaune Takur na tsaye ba, sai ranar.

Akawu ya gama ƙirga. Aka ce masu ƙi su tashi. Bohra ya miƙe, jam'iyya ta miƙe. Likma ya ja bakin zare.

To, a nan sai an san wane ne ya yi ƙullin. Ƙullina ba irin na 'yan birni ba ne. Raƙumin da ya fi kowane hauka a kasuwar dabbobi da shi na riƙe shi, kuma halin ƙullin ne in aka yi kokawa da shi ya ƙara cijewa. Likma kuwa ya yi kokawar da ta ishi raƙuma biyu. Ya ja, shiru. Ya ja da hannu biyu, shiru. Akawu ya fara ƙirga daga can gefe, yana matsowa.

"Tashi!" in ji Bohra ta gefen baki. "Tashi, ɗan rairayi! Yanzu ne za ka koyi zama?"

Likma ya dubi akawu, saura mutum kaɗan. Ya kafa ƙafafunsa a ƙasa, ya kama kawunan zakin nan biyu, ya yi nishin da muke yi in guga ya cika. Kujerar da sai ƙarti biyu ta rabu da ƙasa. Ya miƙe da ita a bayansa, a duƙe, ƙafafunta huɗu suna nuna 'yan majalisar da ke baya, bargo ya zame, igiyata ta bayyana ga duniya. Kyakkyawan aiki, kowa ya gani.

Akawu ya tsaya da alƙalami a sama, ya waiwayi Kakaki.

Nan fa ilimi ya motsa. Lauyan 'yan adawa ya ce a duba da kyau, jikin mai girma bai rabu da kujera ba, wanda kuwa bai rabu da kujera ba a zaune yake, ko a Landan haka ne. Bohra ya ce ƙarya ne, kujera ce ke zaune a kan mai girma. Wani ya nemi a kafa kwamiti. Aka ɗauko littattafai masu kauri. Duk wannan Likma na duƙe, don ya san in ya sauke, maganar ta mutu. Kakaki kuwa sai share gumin wuya yake, yana tuna surukinsa, yana tuna jam'iyyarsa, yana addu'ar kada abin ya faɗo kansa.

Da ya rasa tudun dafawa sai ya ce, "Mai girma wakilin Ratanbas, kai da bakinka, a tsaye kake ko a zaune?"

Likma bai taɓa jawabi a majalisa ba. Ya ɗago kai iya yadda kujera ta bari, ya saki muryar kiran raƙumi.

"Ranka ya daɗe, mu a Ratanbas haka muke tsayuwa tun kakanni, a duƙe, da kayan wani a baya. In wannan ba tsayuwa ba ce, to ba a taɓa tsayawa a garinmu ba. Ku yi sauri, kujerar maharaja ba ta da tausayi."

Kakaki ya ga ƙofa ta buɗe, ya yi wuf ya shige. Ya ce mai ɗauke da kaya ba ya zama, a ƙirga shi. Gyaran Takur ya faɗi da ƙuri'a ɗaya. Likma ya sauke kujerar da ƙarar da ta kori tantabarun rufi.

Aka tashi. Na sauko daga bene, na zagaya bayansa da wuƙata. Zaure ya kusa watsewa sai ga Takur Sabal Singh ya ratso, sanda a hannu, ya tsaya a kan Likma. Ya daɗe yana dubansa.

"Ɗan Harji," ya ce, da sunan ubansa ya kira shi, "ina tsaye."

Gwiwar Likma ta motsa, na gani. Ya ɗora tafin hannunsa a kanta ya danna.

"Hukum, a yi haƙuri. A ɗaure nake."

Takur ya dubi ƙasa. Igiyar tana nan zube a gindin kujera, gunduwa-gunduwa, don wuƙata ba ta yanka sau biyu. Ya dube ta, ya dubi Likma, ya murza gashin baki.

"Na gani," ya ce. "Ƙulli mai kyau."

Ya juya ya fita. Likma bai tashi ba sai da ƙarar takalmin ta ɓace, sannan ya ce in nemo masa gurasa, ta mutum uku.