Ganye Bakwai a Ofishin Akuya

Daren jiya ko juyi ban yi a kan gado ba mafarki ya sure ni. Na gan ni a ofishin duba bishiyoyi, riƙe da ganyen lemu guda bakwai daga lambun bayan gidana. Wata biyu ke nan ganyen yana yin rawaya yana zuba, bishiya goma sha takwas duk sun fara sanƙo, kuma da su nake ciyar da iyalina.

Malamar gona da na tarar a ciki akuya ce mai tabarau. Ta karɓi ganyen farko ta tauna.

"Ranki ya daɗe, dubawa na ce a yi!"

"Ai dubawar nake yi, Malam Haladu. Miƙo na biyu."

Ina tsaye ta cinye shida. Wannan wai ƙishirwa ke damunsa, wannan kambun baka ne, wannan kuma gishiri ya yi masa kaɗan. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shekara ashirin ina bauta wa bishiyoyin nan, yau dabbar da nake kora da sanda ce za ta gaya mini ciwonsu! Na cusa na bakwai a hula na fice.

Sai ga ni a lambu, ruwa yana tashi daga ƙasa yana hawa sama, mutane suna wucewa a tsaye cikin laimarsu. Babbar bishiyar ta sunkuyo, fuska a murtuke.

"Ka taɓa juya ganyena ka ga bayansa?"

Na ciro na hula na juya. Baƙaƙen ɗige-ɗige ne masu maiƙo, kamar an yarfa masa baƙin man babur.

"Fumfuna ce," in ji ta. "Cikin busasshen ganyen da kake tara mini a gindi take kwana. Da ruwa ya taɓa shi sai ta hau ni."

"Taki fa nake yi miki! Haka Baba ya koya mini."

"To, ka gaishe da Baba."

Rashin kunyarta ya kai ni bango. Na buɗe baki zan tuna mata wanda ya dasa ta, sai ta girgiza, ganye ya zubo ya binne ni har wuya, shar, shar, shar.

Na farka gari ya waye. Tsintsiyar matata Talatu ce a lambu, tana share ganye tana tura shi gindin bishiyoyi. Na diro ba takalmi ina ihu ta tsaya.

Ta ɗago ta dube ni. "Malam, ba jiya ka gama yi mini faɗa wai ban iya tarawa ba?"